Manhajojin kwamfuta da ke tafiyar da kasuwancin duniya

A ranar 27 ga watan Yunin 2017, kwamfutocin kamfanin Maersk na ƙasar Denmark, wanda a lokacin ya fi kowane kamfani dakon kwantenoni ta ruwa, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Jiragen ruwan kamfanin lafiyarsu ƙalau, haka ma injunan sauke kaya. Amma aiki ya tsaya cik a tashoshi 17 daga cikin 76 da reshensa na APM Terminals ke gudanarwa, domin babu mai iya tantance abin da ke cikin kwantena, ko mai ita, ko inda za a kai ta.

Wannan lamari ya fito da wani abu da mai saye bai cika lura da shi ba: a kasuwancin zamani, kaya ba sa motsi sai bayanansu sun riga su yin gaba.

Mafarin al'amarin

Tun kafin intanet ta shiga gidajen jama'a aka aza harsashin wannan tsari.

A watan Yunin 1974 ne aka fara sayar da kaya ta hanyar haska zanen nan na layuka baƙaƙe da farare da ake bugawa a jikin kwali. An yi haka ne a wani kanti da ke garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, kuma abin da aka saya ƙunshin cingam ne na Wrigley.

Amfanin zanen ya wuce saurin karɓar kuɗi. Duk abin da aka haska, nan take kwamfuta za ta rage shi daga lissafin kayan da ke sito, saboda haka mai kanti ya san abin da ke shirin ƙarewa ba tare da ya ƙirga ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, manyan kamfanoni sun koma aika wa juna odar kaya da takardun neman biya daga kwamfuta zuwa kwamfuta, bisa wani tsari da suka amince da shi. A shekarar 1987 aka karɓi tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna EDIFACT a matsayin mizani na ƙasa da ƙasa.

Sai kuma manhajojin da ke haɗa lissafin kuɗi da sito da sayayya da albashi wuri guda. Fitacce a wannan fage shi ne kamfanin SAP na Jamus, wanda wasu tsoffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a 1972.

Daga danna maɓalli zuwa ƙofar gida

Ciniki ta intanet ya kankama ne a 1995, shekarar da kamfanin Netscape ya fitar da fasahar SSL mai sakaya lambar katin banki a kan hanyarta, kuma shekarar da Amazon ya fara sayar da littattafai, eBay ma ya buɗe.

Shafin da mai saye ke gani shi ne ɗan ƙaramin sashe na aikin. Da zarar ya danna maɓallin saye, wata manhaja za ta nemi amincewar banki, wata ta duba sito mafi kusa da ke da kayan, wata ta gaya wa ma'aikaci kantar da zai nufa, wata kuma ta tsara wa direba hanya.

A 2012 Amazon ya kashe dala miliyan 775 wajen sayen kamfanin Kiva Systems, mai ƙera mutum-mutumin da ke ɗauko kanta sukutum ya kawo gaban ma'aikaci.

Ribar wannan duka ita ce kamfani ba ya bukatar jibge kaya masu yawa a ajiye. Illarsa kuma ita ce babu rarar da za a jingina da ita idan manhaja guda ta samu matsala.

Yadda Maersk ya farfaɗo

Ƙwayar cutar kwamfutar da ta kama Maersk, wadda aka laƙaba wa suna NotPetya, ta shigo ne ta wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc da kamfanoni ke amfani da ita a Ukraine. Masu kutse sun cusa ta cikin sabuntawar manhajar, wato ta ƙofar da kowa ya amince da ita.

Ta nemi a biya fansar dala 300, amma yaudara ce kawai, domin an tsara ta ne don ta lalata bayanai.

Ma'aikata suka koma karɓar oda ta WhatsApp da takarda da biro, yayin da manyan motoci suka yi dogon layi a ƙofar tashar Elizabeth da ke jihar New Jersey.

Wani bincike da mujallar Wired ta buga a 2018 ya ce kwafi guda ne tak ya tsira na muhimman bayanan da ke sarrafa shiga kwamfutocin kamfanin, kuma a ofishinsa na Ghana aka same shi. Dalili kuwa shi ne an ɗauke wutar lantarki a can kafin harin, don haka na'urar ba ta haɗe da sauran. Abin da kullum ake kuka da shi, a ranar shi ya yi rana.

A cewar mujallar, ma'aikatan Ghana ba su da bizar Birtaniya, saboda haka ɗayansu ya kai faifan ajiyar Najeriya, inda wani abokin aiki ya karɓa ya wuce da shi Ingila.

A taron Davos na watan Janairun 2018, shugaban hukumar gudanarwar Maersk na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya ce cikin kwana goma suka sake girka manyan kwamfutocin adana bayanai 4,000, da ƙananan kwamfutoci 45,000, da manhajoji 2,500. Ya ƙiyasta asarar da aka yi tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.

Kamfanin magunguna na Merck da reshen FedEx mai suna TNT Express su ma sun tafka asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli.

A watan Fabrairun 2018 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan rundunar sojin Rasha, zargin da hukumomin Mosko suka musanta. A watan Oktoban 2020 kuma ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi jami'an leƙen asirin sojin Rasha su shida da hannu a wannan hari da wasu makamantansa.