Kunnen Kumandan

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai kalmomi uku da Bahaushe ke kiran mai riƙe da mutane, kuma kowace da hanyar da ta biyo ta shigo bakinmu. “Hafsa” daga Ingilishi ta zo, ta ƙetaro mana daga Najeriya. “Kumandan” daga Faransanci take. Asalinta muƙamin soja ne, amma da yake sojoji ne suka fara mulkin ƙasar nan a zamanin Nasara, sai ta zama sunan duk wanda ke zaune a bariki yana karɓar haraji. Har yau a ƙauyukanmu na Bader Gula za ka ji tsoho ya ce ya je wurin kumandan a Dakwaro, alhali farar hula ya gani, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Ta ukun kuwa tamu ce ta gado, wato “jagora”. In ka raba ta biyu za ka samu “ja” da “gora”: yaron da ke riƙe da bakin sandar makaho yana masa hanya. Shi mai jan gora dole ya dinga jin abin da na bayansa ke ji, in ba haka ba su biyun su faɗa rami.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne, da yawa daga cikin waɗanda muka yi lakwal tare sun shiga soja. Wasu sun bi ta Tondibiya, wasu na neman makarantar hafsoshi ta Yamai. In ana maganar gina hafsa, abin da aka fi kawowa shi ne ƙarfin jiki, da jarunta, da iya ba da oda. Ni kuwa da na bi tarihin ƙasarmu, abin da na ga ya fi kada hafsoshi shi ne kunne. Tambayar ita ce: shin mummunan labari na iya isa gare shi, kuma in ya isa, me yake yi da wanda ya kawo shi?

Mu fara da abin da ya faru a nan jiharmu ta Maraɗi a 1899. Faransa ta tura wasu kaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, su ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Dukansu sun yi karatu, sun san aikin soja, shi Chanoine ma ɗan janar ne da ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Ba wanda zai ce musu ragwaye. Amma duk inda ayarinsu ya bi sai toka. Ranar 16 ga Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka yi kisan da har gobe ana faɗi a Birnin Ƙonni. Wani laftanan nasu mai suna Péteau, wanda suka kora daga ayarin, ya rubuta abin da idonsa ya gani cikin wasiƙu, labari ya kai Paris. Sai gwamnati ta tura Laftanan-kanal Klobb ya bi sawunsu ya karɓi ragamar. Bai sha wahalar gano hanya ba, ƙonannun garuruwa ne suka yi masa jagora.

Ranar 14 ga Yuli ya cim ma Voulet a Ɗankori, kusa da Tasawa. Voulet ya ba da oda a buɗe wuta, aka kashe Klobb. Daga nan ya shaida wa sauran Turawan cewa shi ya fita daga hannun Faransa, zai kafa daularsa. To, ka ga mutumin da ya kori na ƙasa da shi don ya yi magana, ya harbe na sama da shi don ya zo da magana. Saura wa? Saura sojojinsa baƙaƙe, waɗanda bai taɓa tambayarsu ko suna son su bar gidajensu har abada ba. Cikin kwana uku su ne suka bindige Chanoine, suka bindige shi. Kaburburansu na nan a Maijirgi, a kan hanyar Damagaram. Kowa ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba. Kada dai mu ruɗi kanmu: mutuwarsu ba ta tsayar da mamayar ba, don sauran hafsoshin sun ci gaba har suka ci Damagaram a ƙarshen watan. Da wannan fuskar kakanninmu suka fara sanin kalmar kumandan.

Sai mu tsallako zuwa bayan ƴancin kai. An kafa rundunar sojan Nijar a 1961, kuma manyanta na farko duk yaran sojan Faransa ne. Seyni Kunce, haifaffen Fandu a 1931, tun yana yaro aka kai shi makarantar ƴaƴan soja a Kati ta Mali, sannan Saint-Louis ta Senegal. Ya yi yaƙin Indochine da na Aljeriya, ya yi makarantar hafsoshi a Fréjus, ya zama shugaban hafsoshi a 1973. Lokacin kuwa fari ya ci ƙasa. Shanu sun ƙare, makiyaya sun kwararo kudu, ana kuma ta zancen cewa hatsin taimako na ɓacewa a hannun manyan jam'iyya. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Jori Hamani, kuma babbar hujjar da suka bayar ita ce yunwa. Aikin farko da suka sa gaba shi ne kai hatsi karkara da motocin soja.

Abin da iyayenmu suka fi tunawa da Kunce shi ne bai yarda da rahoton takarda ba. Yakan faɗo wa ofis ba sanarwa ya ga wa ya zo aiki, wa ya makara. Yakan zagaya jihohi ya zauna da sarakuna da samariya ya yi tambaya da bakinsa. Ya matsa a cika rumbunan OPVN, a kuma yi rumbun tsimi a garuruwa. Da farin 1984 ya zo, abin ya haɗu da rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a Najeriya, shi ya sa mutanenmu suka sa wa yunwar suna El Buhari. Ku lura da wannan, ku da ke son harshe: talaka ba ya rubuta littafi, amma yana raɗa wa yunwa suna, kuma sau da yawa sunan na ɗauke da hukunci. Ba sunan Kunce aka sa mata ba. Shi bai ɓoye ta ba, a watan Disamba na shekarar ma har Amurka ya je wurin Reagan neman abinci. A shekarar nan kuma aka yi babban taron Maraɗi kan gurgusowar hamada, matsalar da mu mutanen gefen kwarin Tarka muka fi kowa sani, tunda a nan gona ke ƙarewa makiyaya ta fara.

Amma fa kunnen Kunce ɗaya ne a buɗe. Yana son jin gaskiya in shi ya je ya tono ta. In wani ne ya kawo ta da kansa, wannan ya zama abokin gaba. An hana jam'iyyu, ƴan leƙen asiri sun cika gari, mutum na tsoron inuwarsa. Mataimakinsa Sani Suna Siddo an kama shi a 1975, a tsare ya mutu. Waɗanda suka jagoranci yunƙurin juyin mulki na 1976 an harbe su. A 1983 kuwa, wanda ya so kifar da shi na cikin gida ne, amininsa Bonkano. Tsari irin wannan ya dogara ne ga lafiyar mutum guda. Da ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, ya bar ƙasar da ta saba da a zo a duba ta, ba ta saba da duba kanta ba.

Ali Shaibu da ya gaje shi ya sassauta, ya saki fursunonin siyasa. Duk da haka a zamaninsa ne, ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, uku suka mutu. Yayyenmu ne, magana suka fito da ita, aka amsa musu da harsashi. Sai dai a nan an ga wani abu da ba a saba gani ba: janar ya bari aka yi taron ƙasa a 1991, aka zare masa iko yana kallo, ya zauna har aka yi zaɓe a 1993 ya koma gida. Ba'are Mainasara ya zo a Janairun 1996, ya cire kaki ya tsaya zaɓe, ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin Yamai. Shekara ɗari ke nan cif bayan Maijirgi, hafsa ya sake mutuwa a hannun nasa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Tanja Mamadu, don ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Yana cikin hafsoshin 1974, waɗanda suka ce sun zo ne saboda yunwa. Ya riƙe jihar Maraɗi, ya riƙe Tawa, ya san karkara kamar tafin hannunsa. Da aka zaɓe shi a 1999, shirinsa na musamman ya gina azuzuwa da ƙananan gidajen likita da rijiyoyi a ƙauyuka, har mutane suka riƙa ce masa Baba Tanja, kuma ba da wasa suke faɗi ba. Sai ga 2005. Fari da fara sun ci amfanin daminar da ta gabata, kuɗin tiyar hatsi ya tashi sama, dabbobi suka faɗi warwas. Dakwaro na cikin wuraren da abin ya fi tsanani, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a garin. Me shugaban ya ce? Ya ce ba yunwa a Nijar, ƙarancin abinci ne na wasu wurare, masu zuzuta zancen kuma da wata manufa suke yi. Wallahi abin mamaki ne. Mutumin da ya ga abin da toshe kunne ya yi wa Jori, bayan shekara 31 ya faɗa ramin nan dai.

Daga nan sai “tazarce”, kalmar da ta fito daga “zarce”, wato wuce inda ya kamata a tsaya. Waɗanda suka ƙago ta sun so ta zama kirari, amma ma'anarta ta asali ta fi ƙarfinsu. A 2009 kotun tsarin mulki ta ce a'a, majalisa ba ta bi ba, sai ya rusa su duka biyun, ya yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta. Duk bakin da zai iya gaya masa gaskiya ya rufe shi, sauran waɗanda ke kewaye da shi kuwa abin da yake so suke faɗi. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 aka ɗauke shi daga fadar ana cikin taron ministoci. Wanda ya jagoranci abin, Salu Jibo, muƙaminsa a lokacin kumandan ne. Cikin makonni gwamnatinsa ta fito ta amsa cewa akwai yunwa, ta nemi taimako. Ranar 7 ga Afrilu 2011 ya miƙa mulki ga farar hula, kamar yadda Dauda Malam Wanke ya yi a Disambar 1999.

To me wannan ya koya wa ɗan'uwanmu da zai ɗaura igiyar laftanan baɗi? Galibinsu ba za su taɓa zama a fadar shugaban ƙasa ba. Za a ba shi mutum talatin ne a wani daji, a ce ya riƙe. A Inates, cikin Disambar 2019, sojojinmu 71 suka kwanta dama. Wata guda bayan haka a Cinagodar, 89. Mafi yawansu sa'o'inmu ne. Hafsan da ke irin wannan wuri, rayuwarsa na rataye ne a kan ko kofur zai iya tunkararsa ya ce harsashi ya yi kaɗan, rediyo ba ta aiki, yara sun gaji, ba tare da tsoron gadirum ba. Tana rataye kuma a kan ko Bafulatanin da ke kiwo, ko Buzun da ke bakin rijiya, ko matar da ke dawowa daga kasuwa za su gaya masa abin da suka gani. Ba za su gaya wa wanda ya mare su jiya ba. Ba za su kuma gaya wa wanda ba ya jin harshensu ba, shi ya sa nake ganin hafsan Nijar da ya ƙware a Faransanci amma ba ya iya gaisuwa da Fulatanci ko Tamashek ko Zabarmanci, horonsa bai cika ba. A wuri kamar Bader Gula, inda manomi da makiyayi ke shan rijiya guda, rikicin gona na iya zama na jini cikin yini ɗaya, kuma mai kakin da aka turo sai ya saurari ɓangare biyu kafin ya taɓa bindiga.

Wani zai ce soja ba majalisa ba ce, oda ake bi. Gaskiya ne, ba a muhawara ana cikin wuta. Amma oda mai kyau daga labari mai kyau take fitowa, labarin kuwa a ƙasa yake, wurin ƙananan mutane. Ladabtar da wasu abu ne mai sauƙi ga mai igiya a kafaɗa. Mai wuyar shi ne ya koya wa kansa zama shiru a gaban wanda ya girme shi da wanda ya raina, ya ji abin da ba ya so, ya kuma bar mai faɗin ya koma gida lafiya. Tun daga 26 ga Yuli 2023 ƙasar ta sake komawa hannun hafsoshi, kuma da wannan mudun dai tsofaffinmu za su auna su, kamar yadda suka auna na baya.

Mu ma da ke nan jami'a abin bai bar mu ba. Shugaban ƙungiyar ɗalibai da ba a iya gaya masa ya yi kuskure, ƙaramin Voulet ne da bai samu bindiga ba tukuna. Ku da za ku sa kaki, Allah ya tsare ku ya maido mana ku lafiya. In kun isa inda aka tura ku, ku fara tambayar sunan mai gari da na arɗo, ku koyi gaisuwarsu, ku zauna a tabarmarsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.