Dinarin Hijaz: kalmomi huɗu da suka fi zinariyar tsada

Ranar 4 ga Afrilu, 2011, aka ɗaga wani ɗan sulai na zinariya a ɗakin gwanjo a Landan. Faɗinsa bai wuce santimita biyu ba, nauyinsa kuwa giram huɗu da kwata. Kamfanin Morton & Eden da ya kawo shi kasuwa ya yi kirdadon zai yi fam dubu 300 zuwa dubu 400. Masu tayi suka yi ta ƙari, ba a sallama ba sai da kuɗin ya kai fam miliyan 3.72. A watan Oktoba na 2019 wani irinsa ya sake fitowa a hannun wannan kamfani, shi ma aka saye shi a kan wannan adadi. Da a ce mai shi ya kai wa maƙeri ya auna, zinariyar da ke jikinsa ba za ta kai fam 200 ba a farashin wancan lokaci.

Dinari ne na daular Banu Umayya, an buga shi a shekara ta 105 bayan Hijira, wato tsakanin 723 da 724 Miladiyya. Dinari ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Da shi malamai ke lissafa nisabin zakka, dinari ashirin, kusan giram 85, kuma rubu'insa ne mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya. Sai dai kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ganin abin da ido, balle su riƙe shi.

Asalin dinarin Musulunci yana komawa ga Halifa Abdulmalik ɗan Marwan. Kafin zamaninsa, Musulmi da zinariyar Rumawa suke ciniki, mai ɗauke da hoton sarkinsu da alamar kuros. Abdulmalik ya gwada buga nasa da siffar halifa a tsaye riƙe da takobi, sannan a shekara ta 77 Hijira ya kawar da hoto baki ɗaya. Rubutu zalla ya rage, da salon Kufa marar ɗigo: kalmar shahada a fuska ɗaya, wani sashe na Suratul Ikhlas a ɗayar, shekarar bugu a kewaye. Babu sunan halifa, kuma galibi babu sunan gari, ko da yake masana sun tafi a kan cewa a Dimashƙa ake buga mafi yawansu. An buga su da yawan gaske, shi ya sa har yau mai 'yan ɗaruruwan fam zai iya mallakar dinarin Banu Umayya na shekarun da suka wadata.

Na shekara ta 105 da muke magana a kai ya bambanta da 'yan uwansa da ƙarin kalmomi huɗu: Ma'adin Amiril Muminina bil Hijaz, wato mahaƙar Sarkin Muminai da ke Hijaz. Akwai wasu dinarai na shekarun 91 da 92 da suka ambaci mahaƙar halifa, amma ba su faɗi inda take ba. Wannan ne ya kira sunan ƙasar Makka da Madina ƙarara, a kan zinariya, tun farkon ƙarni na biyu na Hijira. Waɗanda aka san suna nan a duniya ba su wuce goma sha 'yan kai ba.

Wace mahaƙa ce? Da yawa daga masana na danganta ta da Ma'adin Bani Sulaim, tsakanin Makka da Madina, wurin da ake kira Mahd al-Zahab a Saudiyya ta yau, inda har yanzu ake haƙar zinariya. Marubutan tarihi na farko sun kuma kawo cewa Manzon Allah (SAW) ya yanka wa sahabi Bilal ɗan Haris al-Muzani wata ƙasa mai ma'adini, daga baya 'ya'yansa suka sayar wa Umar ɗan Abdul'aziz wani yanki nata. Ita kanta shekarar 105 tana da nata labarin, domin a cikinta Halifa Yazidu na biyu ya rasu, ɗan uwansa Hishamu ya hau mulki. Tunda dinarin bai ɗauki suna ba, kowannensu na iya zama mai mahaƙar da ake nufi.

A ganina, wanda ya biya waɗannan miliyoyi shaida ya saya, zinariyar kuwa ita ce takardar da aka rubuta shaidar a kai. Shi ya sa masu sanin darajar tsofaffin kuɗi ba sa tsayawa a kan sikeli. Za su auna, domin nauyin da ya yi nesa da giram 4.25 alama ce ta an yanke gefe ko kuma jabu ne. Bayan nan sai su ɗauki madubin ƙara girma. A da, da hannu ake sassaƙa hatimin ƙarfe, a ɗora dunƙulen zinariya a tsakanin hatimi biyu a doka da guduma. Kowane hatimi na da 'yan alamominsa, karkacewar alif ko ɗan tsagu a gefe, kuma duk dinarin da ya fito daga cikinsa zai ɗauke su. Ana kwatanta sabon da ya bayyana da waɗanda ke gidajen tarihi, harafi bayan harafi. Jabun da aka zuba a mazubi yakan tona kansa da 'yan ƙuraje a fuska da laushin bakin haruffa. Sannan a tambayi salsala: a hannun wa yake, tun yaushe, da wace takarda ya bar ƙasarsa?

Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda irin waɗannan kaya ke salwanta a hannun masu kyakkyawar niyya. Wani zai goge tsohon sulai da magani don ya yi ƙyalli, ya kankare fatar da shekaru dubu suka yi masa, darajarsa ta faɗi nan take. Wata za a huda mata shi a saƙala a sarƙa. Mafi yawa kuwa wuta ce ta cinye su, domin zinariya ba ta tsufa, kowane zamani narka ta da ta gabata yake yi ya ƙera tasa. Dinaran Hijaz goma sha 'yan kan nan su ne suka kuɓuce wa tukunyar maƙera tsawon shekara 1,300, kuma babu wanda ya ƙirga 'yan uwansu da suka zama 'yan kunne da awarwaro.