Otel ɗin da Ya Zama Kurkuku

A 1983 aka kafa kamfanin Corrections Corporation of America a Nashville, ya kuma samu kwangilar tsare baƙin haure daga gwamnatin Amurka. Da ginin da ya alkawarta a Houston bai kammalu ba, sai ya yi hayar otel a farkon 1984, ya kewaye shi da waya mai ƙaya.

Nan kurkukun 'yan kasuwa na zamani ya samo asali. Mutanen jiran kora kawai suke yi, amma kwanan kowannensu kuɗi ne ga kamfanin. Da Shugaba Biden ya hana Ma'aikatar Shari'a sabunta irin waɗannan kwangiloli a 2021, umarnin bai shafi wuraren tsare baƙin haure ba.