Taragon Kaya Cikin Tafin Hannu: Abin da Ƙananan Samfura ke Faɗi Bisa Tarihin Dogo

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sha'awa da ta haura shekara ɗari, wadda dattawa suka fi yara riƙo da ita, wato tara ƙananan samfuran jirgin ƙasa da aka ƙera bisa ma'auni tsayayye. Akasarin masu wannan sha'awa kan jirgi ne ke ɗauke musu hankali, don shi ke da hayaƙi da jiniya da suna. Amma akwai waɗanda suka keɓe kansu ga taragon kaya, mai ƙura da tsatsa, wanda ba a yi wa kirari. Hujjarsu a fili take: a ayari madugu ake yabo, alhali jaki ne ke ɗauke da abin da ya sa aka yi tafiyar. Wanda ke son sanin abin da wata ƙasa ta haƙa, ta noma, ta sayar, da kuma yadda ta riƙe ma'aikatanta, a jikin tarago zai karanta shi.

Daga abin wasa zuwa ma'auni

Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen na Jamus a shekara ta 1859, shi ne ya nuna a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891 jirgin wasa mai tafiya bisa dogo da ake harhaɗawa, mai faɗi ƙayyadadde. Daga nan mai saye ya samu damar ƙara tarago ɗaya bana, wani baɗi, kuma duka su hau layi guda. A Ingila, Frank Hornby na birnin Liverpool ya fito da nasa jiragen a 1920. A Faransa kuwa, kamfanin Jouef da Georges Huard ya kafa a 1944 ya sa samfuran roba masu araha cikin gidajen talakawa, har zuwa rufe masana'antarsa ta Champagnole a 2001.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda kowane tsawo ake rage shi sau 87. Dogon Turai mai faɗin milimita 1435 yakan koma milimita 16 da rabi, taragon da ya kai mita 10 kuma ya koma santimita 11 da rabi. Akwai ma'aunin N mai ragi sau 160, da na Z mai ragi sau 220 wanda Märklin ya fitar a 1972. Ƙungiyar MOROP, wadda masu wannan sha'awa na Turai suka kafa a 1954, ta shimfiɗa ƙa'idojin ƙira, ta kuma raba tarihin dogo zuwa zamunna masu lamba. Saboda haka mai tari na gaske ba ya haɗa taragon 1925 da na 1975 cikin jirgi ɗaya. Yana duba rubutun da ke jiki: nauyin tarago, iyakar lodinsa, sunan mai shi. Idan ya ga lamba mai alƙaluma 12, ya san samfurin yana nuna zamanin da ya biyo bayan tsakiyar shekarun 1960, lokacin da kamfanonin dogo na Turai suka ɗauki tsarin lamba guda.

Taragon kwal na Ingila

Tarago ya girmi kan jirgi. Tun ƙarni na 17 dawakai ke jan taragan kwal bisa dogon katako a yankin Newcastle, daga bakin rami zuwa bakin kogi. Ranar 27 ga Satumba 1825, da aka buɗe layin Stockton da Darlington, jirgin farko ya ja taragan kwal da na garin alkama, jama'a kuma suka cika wasu taragan. Kwal ne ya haifi dogo, fasinja daga baya ya shigo.

Abin da ya bambanta Birtaniya shi ne yawan taragai mallakar masu zaman kansu. Mai ramin kwal, da dillali, har da ƙaramin mai sayar da kwal a ƙauye, kowa yakan sayi nasa taragon katako ko ya yi hayarsa, ya sa a rubuta sunansa da garinsa da manyan baƙaƙe. Irinsu sun haura rabin miliyan gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ado ne ya sa masu tari ke ƙaunarsu, kuma ana iya tabbatar da launin da yawa daga cikinsu saboda masana'antar taragai ta Gloucester ta saba ɗaukar hoton sabon tarago tare da allo mai bayanin fentinsa.

Sai dai bayan adon akwai wahala. Kowane tarago sai an mayar da shi fanko wurin mai shi, abin da ya cika tashoshi da aikin warewa dare da rana. Yawancinsu ba su da birkin da direba ke iya kamawa daga kan jirgi, sai na hannu, kuma sarƙa mai zobe uku ce ke haɗa su. Don haka jirgin kaya yakan yi tafiyar da ba ta cika wuce kilomita 40 a awa ba, masu haɗa taragai kuma suna gudu a gefensu cikin duhu da sanda a hannu. Yawan waɗanda suka rasa rai ko gaɓa cikin wannan aiki ya kai ga majalisar dokoki ta yi dokar kare ma'aikatan dogo daga haɗari a 1900. Gwamnati ta karɓe taragan a 1939 saboda yaƙi, a 1948 kuma suka zama mallakar hukumar dogo ta ƙasa. Sunayen suka dushe ƙarƙashin baƙin kwal, aka maye gurbinsu da taragan ƙarfe masu ɗaukar tan 16. A yau ramukan da sunayensu ke jikin samfuran duk an rufe su, ramin kwal mai zurfi na ƙarshe cikin manyan ramukan Birtaniya, na Kellingley, ya tsaya a 2015. Garuruwa da dama ba su da abin tuna sana'ar kakanninsu da ya fi wannan ɗan akwati mai ƙafa huɗu.

Mutum 40, doki 8

Rufaffen taragon Faransa ya fi nauyin tarihi. An ƙera shi don buhuna da dabbobi, amma hukumar soja ta sa aka rubuta a jikinsa «Hommes 40, Chevaux 8», ma'ana yana ɗaukar mutum 40 ko doki 8 in yaƙi ya tashi. Cikinsa aka yi jigilar sojoji zuwa fagen daga a yaƙin 1914 zuwa 1918, har tsofaffin sojojin Amurka suka raɗa wa wata ƙungiyarsu wannan suna a 1920. A 1949 Faransawa suka cika irin waɗannan taragai 49 da kyaututtuka, suka aika Amurka cikin jirgin ruwa, don godiya bisa abincin da Amurkawa suka turo musu a 1947. Da yawa daga cikinsu suna nan a gidajen tarihi na jihohin Amurka.

Tsakanin waɗannan lokuta biyu ne aka yi amfani da rufaffen taragon kaya wajen aikin da ya fi kowane muni. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashe Yahudawa kimanin 76.000 daga Faransa, akasarinsu ta sansanin Drancy, aka kulle su cikin taragai kwana da kwanaki ba isasshen ruwa, zuwa Auschwitz da sauran sansanonin kisa. Kaɗan ne ƙwarai suka dawo. An ajiye tarago ɗaya a Drancy domin tunawa da su. Mai tari da ya ɗora samfurin wannan tarago bisa kanta bai san abin da ya ɗauka ba, abin wasa kawai ya mallaka. Wanda ya sani kuwa, shaida ce ke hannunsa, kuma wajibi ne ya yi bayaninta ga duk wanda ya tambaya.

Inda samfur ke yaudara

Samfur ba shi ne asali ba, kuma yana iya ɓatar da mai kallo. Masana'antu sukan shafa sunan gaske bisa gangar jikin da ba tata ba don rage kuɗin ƙira, wani lokaci ma su ƙirƙiro fentin talla da bai taɓa hawa dogo ba. Ma'aunin OO na Ingila yana rage tarago sau 76 amma ya ɗora shi bisa dogon HO, sai faɗin layin ya gaza na gaskiya. Kuma samfur yakan fito daga kwali tsaf, alhali taragon kaya a ƙazance ya yi rayuwarsa. Shi ya sa masu tari na ƙwarai suke komawa ga zanen injiniya, da tsofaffin hotuna, da rajistar kamfanoni, kamar yadda mai binciken tarihi ke gwada ruwaya da ruwaya kafin ya amince.

Taragon da ba ya cikin kundin masu sayarwa

Yaudara mafi girma ita ce ta rashi. Kundayen manyan kamfanoni cike suke da taragan Jamus, Faransa, Ingila da Amurka, don can masu saye suke. Ko samfuran dogo mai faɗin mita ɗaya, irin na kamfanin Bemo, jiragen duwatsun Suwizalan suka fi kwaikwaya. Amma taragon gyaɗa ya sauya ƙasar Hausa kamar yadda na kwal ya sauya Ingila. Dogo mai faɗin milimita 1067 ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake ɗauka alamar arziki, tana kuma nuna gazawar jirgi wajen kwashe amfanin gona a kan lokaci, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin wannan hanya zuwa Legas, kafin tsarin da aka kira «Opération Hirondelle» ya karkata wani kaso nata tun daga 1953, cikin manyan motoci zuwa tashar Parakou, daga nan taragai su kai ta Kwatano.

Wanda ke son ganin waɗannan taragai cikin ƙaramin ma'auni, galibi sai ya ƙera su da hannunsa. Aiki ne da bai fi ƙarfin makaranta ko ƙungiyar al'adu ba, a ƙasar da yara suka gwanance wajen ƙera mota da kara da gwangwani. Ana bukatar hoto, da awon tsawo da faɗi, da lissafin rabawa sau 87, da kuma bakin tsofaffin ƴan dako da direbobi da dillalan gyaɗa da suka rage, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu. Masu magana sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya auna tarago, ya ƙidaya buhunan da zai ɗauka, ya tambayi wanda ya loda su nawa aka biya shi, ya riga ya shiga binciken tarihin tattalin arzikin yankinsa.