Tayar da injin dizal a lokacin sanyi

Tayar da injin dizal a lokacin sanyi matsala ce da direbobi ke fuskanta a ƙasashe masu tsananin hunturu, kamar Kanada, Rasha, Finland da arewacin Amurka, inda sanyi kan kai ƙasa da sifili na tsawon watanni. Matsalar ta fi shafar injin dizal fiye da na fetur saboda bambancin yadda suke kunna mai.

Dalilin matsalar

Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya yi nasarar gwada shi a Augsburg a 1897, ba ya amfani da tartsatsin fulogi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafi sosai, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Idan ƙarfen injin ya yi sanyi, yakan zuƙe wannan zafi kafin man ya kama. Shi ya sa injin ke ta juyawa ba tare da ya tashi ba, ko ya tashi yana karkarwa da farin hayaƙi, wanda alama ce ta man da bai ƙone ba.

Abubuwa uku ne ke ƙara tsananta lamarin. Na farko batir, wanda ƙarfinsa ke raguwa a cikin sanyi, alhali injin dizal yana buƙatar wuta mai yawa kafin ya juya. Saboda haka ake auna ƙarfin batirin mota a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos na tsawon daƙiƙa 30. Na biyu baƙin mai, wanda kan yi kauri ya hana injin juyawa da sauri. Na uku shi kansa man dizal, domin yana ɗauke da sinadarin farafin mai kama da kakin zuma. Idan sanyi ya yi yawa sai farafin ɗin ya daskare ya toshe filtar mai.

Na'urorin ɗumama

Yawancin ƙananan motocin dizal suna da fulogin ɗumama, wanda makanikai ke kira hita, a kan kowace silinda. Idan an murɗa makulli, bakin fulogin kan yi ja kamar garwashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma wata fitila mai siffar naɗaɗɗiyar waya takan kama a gaban direba. Sai ta mutu ake tayar da injin. Wasu manyan injuna, kamar na kamfanin Cummins, suna ɗumama iskar da ke shiga ne a maimakon haka.

A Kanada da arewacin Turai ana sanya wa injin hita mai aiki da wutar lantarki ta gida, a jona ta sa'o'i kaɗan kafin a fita. Kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus kuma suna ƙera hita mai ƙona man motar don ɗumama ruwan injin. A birnin Yakutsk na Saibiriya, inda sanyi kan wuce digiri 40 ƙasa da sifili, direbobi da yawa kan bar injin yana aiki muddin motar tana waje.

Man dizal na hunturu

A Turai ƙa'idar EN 590 ce ta tsara ingancin man dizal. A Jamus, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, gidajen mai suna sayar da man da zai iya ratsa filta har zuwa digiri 20 ƙasa da sifili. A Amurka ana gauraya dizal mai lamba 2 da mai lamba 1, wanda ya fi tsinkewa. Ana kuma sauya baƙin mai daga 15W-40 zuwa mai tsinkewa kamar 5W-40.

Hatsari

Daɗewa ana juya injin yana ƙona kik, yana kuma cinye batir, don haka ake dakatawa tsakanin gwaji da gwaji. Fesa sinadarin ita a injin mai fulogin ɗumama na iya haddasa fashewa. Haka nan hura wuta a ƙarƙashin tankin mai yana jawo gobara, kuma barin injin yana aiki a rufaffen gareji na iya kashe mutum saboda gubar hayaƙi.