Faransa da Jamus: Maƙwabtan da nukiliya ta raba wa hanya

1/ Jama'a ku matso. Faransa da Jamus katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma a kan wutar nukiliya kowa ya kama gabansa. Ga yadda aka yi 🧵

2/ A 1973 ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, farashi ya ninka kusan sau huɗu. Faransa ba ta da mai, kwal ɗinta ma ya ja baya. Sai a 1974 Firaminista Pierre Messmer ya fito da shirin komawa nukiliya gadan-gadan.

3/ Kamfanin gwamnati, EDF, ya gina tukwanen nukiliya sama da 50. Yau kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga nan yake fitowa. Salon Faransa ke nan, gwamnati ce ke jan gaba. Haka aka yi da jirgin ƙasa mai gudu na TGV da rokar Ariane.

4/ Jamus ma fa ta ƙware, Siemens ya gina mata tashoshi masu inganci. Amma jama'a suka yi ta zanga-zanga, hatsarin Chernobyl na 1986 ya ƙara musu tsoro. Da Fukushima ta faru a 2011, Angela Merkel ta ce a rufe duka. Uku na ƙarshe sun mutu a Afrilun 2023.

5/ Kar ku ce ta yi rauni. Ƙarfinta na masana'antu ne: motocin Volkswagen da BMW, sinadaran BASF, da madubin Zeiss da ake sa wa injinan ƙera ƙwaƙwalwar waya mafi zamani. Matsalar ita ce, kafin 2022, da gas ɗin Rasha mai arha ake ciyar da da yawansu.

6/ Shekarar 2022 ta tona asirin kowa. Yaƙin Ukraine ya yanke gas ɗin, Jamus ta koma tada tashoshin kwal. Ita kuma Faransa, tsatsa a bututu da gyare-gyare suka tsayar da kusan rabin tukwanenta, har ta sayi wuta daga Jamus. Sabuwar tukunyar Flamanville da aka fara a 2007 kuwa, sai 2024 ta ba da wuta.

7/ Yanzu ga inda ya shafe mu. Tun 2001 Faransa ta daina haƙar yuraniyom a gida. A da, wani ɓangare nasa daga Arlit a Nijar yake zuwa, inda aka fara haƙa a 1971. Amma har 2023 akasarin wutar Nijar daga Najeriya ake sayowa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

8/ Kun ga dai, dukkansu da kayan wasu suka yi ƙarfi. Abin da suka riƙe a gida shi ne injiniyoyi, masana'antu da tsarin da ke wuce gwamnati ɗaya. Mai ma'adini a ƙasa, in bai da waɗannan, ɗan kallo ne.

Ku wa kuke gani ya fi dabara, Faransa ko Jamus? Mu haɗu a ƙasa 👇