PANYA: TSIBIRIN DA YA CI GUMIN BAƘI

'Yan uwana mata, da zarar an kawar da amfanin gona a nan Dayi, an kai auduga da masara kasuwa, sai ki ji maza sun fara zancen cin rani. Wani ya ce Legas, wani ya ce Fatakwal, wani ma ya ce ƙetare. To yau ga labarin wani wuri da 'yan Nijeriya suka taɓa tururuwa zuwa cikinsa neman kuɗi, da abin da suka tarar.

Wurin tsibiri ne, wato ƙasa ce da ruwan teku ya kewaye ta ko'ina. Yana kudu da Kalaba, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Sunansa Biyoko, a ƙasar Ekwatoriyal Gini, da can kuwa Fanando Fo ake ce masa. Duwatsu masu aman wuta ne suka haife shi daga ƙarƙashin teku. Babbansu, Basile, ya haura mita 3,000, rabonsa da aman wuta kuwa tun 1923. Tokar nan da ya yi ta zubarwa ita ta zama baƙar ƙasa mai albarka. Ga kuma ruwa, don a kudancin tsibirin abin da ake samu a shekara guda ya kai na damina goma a wajenmu.

Mutanen Bubi su ne 'yan ƙasa. Wajen 1472 wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal ya iso, aka liƙa wa tsibirin sunansa. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifen. A 1827 Turawan Ingila suka kafa gari a can don tare jiragen masu fataucin bayi, garin da yau ake kira Malabo. A shekarar nan ce Bature Kilafaton ya mutu a Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Yaronsa Landa, wanda ya taka Kano da Zariya, a wannan tsibiri aka binne shi a 1834. Kin ga ashe nisan bai kai yadda muke zato ba. Fataken Hausawa ma sun je, har suka zauna.

Daga baya aka gane ƙasar na son koko. Ba kokon da muke damawa da safe ba, a'a, wanda ake yin Bournvita da cakulan da shi. Amma gona ba ta nome kanta. Cututtukan da baƙi suka kawo sun rage Bubi ƙwarai, sai masu gonaki suka juyo Nijeriya. A 1942 Ingila da Sifen suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar lebura, dubban mutane suka tafi, yawancinsu Ibo da Ibibiyo da Efik. Su suka raɗa wa wurin suna Panya, daga yadda mutanen Sifen ke kiran ƙasarsu.

Dillalai kan bi ƙauyuka da daɗin baki, su ce aiki kaɗan, kuɗi da yawa. Wasu ma a kwalekwale aka tsallaka da su a ɓoye. Sai mutum ya isa ya tarar da bulala, da aiki tun asuba, da riƙe wani kaso na ladansa sai wa'adi ya cika. Gudu kuwa ina? Ta ko'ina ruwa ne. A gida kuma mata na ta zuba ido da 'ya'ya a hannu.

Ƙasar ta sami 'yanci ranar 12 ga Oktoba, 1968, amma a mulkin shugaba Masiyas Ngema abin ya ƙara muni. Aka daina biyan lada, waɗanda suka nemi haƙƙinsu aka kashe wasu. A ƙarshen 1975 da farkon 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tura jirage aka kwaso dubban 'yan Nijeriya. Me ya biyo baya? Gonaki suka koma daji. Kokon da ya haura tan 30,000 a shekara lokacin 'yanci ya faɗo ƙasa da tan 10,000. Ƙasar na nan, ruwan na nan, hannun da aka wulaƙanta ne babu.

Yau masu yawon buɗe ido kan je su hau Basile, su ga tafkin Biyawo da ke cikin tsohon bakin dutse a kusa da Moka, da farin rairayin gaɓar teku a wajen Luba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kififiyar teku iri huɗu kan fito da dare a kudancin tsibirin, ta tona rami ta zuba ƙwai ta rufe, ta koma ruwa. Babbar cikinsu takan kai nauyin buhun masara uku. A dajin akwai birai iri-iri, har da wani mai baƙar fuska, ɗan uwan bika, sai dai mafarauta na ta rage su saboda kasuwar naman daji a Malabo.

To 'yar uwa, ranar da maigida ko ƙanenki ya shigo da murna cewa wani ya yi masa hanyar aiki a ƙetare, kada kunya ta rufe miki baki. Ki tambaye shi cikin ladabi: wa zai kai ka? Nawa ne ladan, kuma a hannun wa zai zauna? In abin bai yi ba, ta ina za ka dawo? Wa ka sani da ya je ya dawo lafiya? Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita. Mutanen Panya da yawa ba a yi musu waɗannan tambayoyi ba. Allah Ya tsare mana mazajenmu, Ya sa albarka a neman da suke yi.